Daga Agege Zuwa Marina: Wace Hanya Ce Ta Fi da Safe?

Baƙon da ya samu aiki a Legas, kafin ya gano inda ake sayar da tuwo mai kyau, hanya zai fara tambaya. Masaukinsa yana Agege, wurin aikin yana Marina a cikin Tsibirin Legas, an kuma ce masa lallai ƙarfe takwas ta yi masa a bakin aiki. Idan ya tambayi mutum uku a masallacin unguwa bayan sallar isha'i, amsa uku zai samu, kowa kuma zai rantse a kan tasa. Wani zai ce ya hau jirgin ƙasa. Wani zai ce ya fita babban titi ya kama BRT. Na uku zai ce duk ɓata lokaci ne, danfo dai danfo. Dattijon da ya daɗe a gari kuwa tambaya zai mayar masa: "Yaro, ƙarfe nawa kake iya fita? In ka makara kuma, me za a yi maka?" Babu wanda ya yi ƙarya a cikin ukun farko, sai dai kowannensu labarin ranar da ya ji daɗi yake bayarwa. Dattijon ne ya tambayi abin da ke raba gardama, domin a gari irin wannan hanyar da ta fi ita ce wadda mutum ya san iyakar sharrinta, ko da akwai wata da kan fi ta sauri a ranar sa'a.

Tushen matsalar ruwa ne. Legas ita ce jiha mafi ƙarancin faɗin ƙasa a Najeriya, babban tafki da fadamu kuma sun cinye kaso mai yawa na ɗan abin da take da shi. Yawan mutanenta har yau abin jayayya ne: ƙidayar 2006 ta ba ta miliyan tara da 'yan kai, gwamnatin jihar ta yi tata ƙidayar ta ce sun haura miliyan 17. Ko wanne aka ɗauka, abu guda bai canja ba. Bankuna, manyan ofisoshi da kasuwannin Balogun da Idumota suna cikin Tsibiri, ko Ikoyi, ko Tsibirin Biktoriya, masu yi musu aiki kuma mafi yawansu suna kwana a ƙetaren ruwa, a Agege, Alimosho, Ketu, Ikorodu, wasu ma a cikin jihar Ogun. An mayar da babban birnin ƙasa Abuja a watan Disamba na 1991, amma kuɗi da ciniki ba su bi gwamnati ba. Saboda haka kowace safiya gari guda ke kwarara fuska ɗaya, da yamma ya juyo.

Duk wannan kwararar kuwa, in ban da dogon zagaye ta Epe, gadoji uku ne ke ɗaukar motocinta. Akwai gadar Carter, wadda asalinta tun 1901 ne, ta tashi daga Iddo ta sauka Idumota. Akwai gadar Eko da ke bi ta Ijora ta sauka Apongbon. Sai gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, wadda Janar Ibrahim Babangida ya buɗe a 1990, ta tashi daga Oworonshoki ta ratsa kan tafki zuwa Adeniji Adele. Mai neman hanyar safe, ko ya sani ko bai sani ba, zaɓin gada yake yi. Doguwar gadar ta fi gudu in hanya a buɗe take, amma wanda ya hau ta ya hau ke nan: idan tanka ta lalace a tsakiya babu lungun da za a kurɗa, babu kuma wurin sauka a taka da ƙafa. Sauran biyun gajeru ne, sai dai hanyoyin da ke kai wa gare su cike suke da tashoshi da kasuwanni. Kuma gadojin a ɗaure suke da juna. Lokacin da gobara ta tashi a ƙarƙashin gadar Eko a Apongbon a watan Maris na 2022 aka rufe wannan sashen fiye da shekara guda, wanda bai taɓa bin Eko ba ma ya ji a jikinsa, don motocinta a kan sauran biyun suka koma. Haka aka sake gani da aka yi gyaran Third Mainland a 2020 da farkon 2024.

Nisan da ake magana a kansa bai kai kilomita 30 ba. Da tsakar dare tafiyar ba ta cika sa'a guda. Da ƙarfe bakwai na safiyar Litinin tana iya cin lokacin da zai kai mutum Zariya daga Kano. Abin da ke jawo wannan tazara hali ne na titi da direbobi suka sani ko da ba su karanta shi a littafi ba: titi yana ɗaukar motoci lafiya lau har ya kusa cika, daga nan ƙari kaɗan ke tsayar da komai. Cunkoso ba a hankali yake ƙaruwa ba, ruftawa yake yi. Wanda ya bar gida biyar da rabi da wanda ya bari shida da kwata, minti arba'in da biyar ne tsakanin fitarsu, amma tsakanin isarsu ana iya samun sa'a ɗaya da rabi. Shi ya sa mutanen Legas suka zama masu sammako na dole, shi ya sa kuma sammakon kullum ƙara matsawa yake cikin dare, don kowa na ƙoƙarin riga kowa. Ka yi sammako, ka tarar wani a tafe ya kwana.

Ga Musulmi akwai wani lissafin da taswira ba ta nunawa. A Legas alfijir ba ya ketowa kafin ƙarfe biyar, a wasu watanni ma sai wajen shida saura. Wanda ke son ya riga cunkoso sau da yawa sai ya zaɓa: ko ya fita kafin asuba ya yi salla a tasha ko a masallacin kusa da wurin aiki, ko ya tsaya jam'in unguwa ya faɗa cikin ganiyar gosulo. Da yawa suna zaɓar na farko, su isa Tsibiri da duhu-duhu, su yi salla, su sha shayi, su ɗan kishingiɗa kafin a buɗe ofis. A ganina wannan ba asarar lokaci ba ce kamar yadda ake ɗauka. Sa'a guda a zaune a kan tabarma ta fi sa'a guda a matse tsakanin mutum huɗu a bayan mota.

To, me ake hawa?

Danfo shi ne uban tafiya. Ƙaramar bas ce mai launin rawaya da baƙin zane, mafi yawansu tsofaffin Volkswagen, tana ɗaukar mutum goma sha huɗu zuwa sha takwas gwargwadon yadda aka jera bencina. Babu unguwar da ba ta shiga, ba ta jiran jadawali, ba ta tambayar kati. Amma wanda zai dogara da ita ya kamata ya fahimci aljihun direbanta. Yawancin direbobi motar ba tasu ba ce. Akwai balas da za su kai wa mai mota kowace rana, akwai kuɗin 'yan kamasho a kusan kowace tasha, ga mai, ga kwandasta. Daga nan duk halayen danfo suka fito. Ba ya tashi sai ya cika. Kuɗinsa na hawa idan hadari ya haɗu ko layin fasinja ya yi tsawo. Ya fi tsada da safe in Tsibiri aka nufa, saboda direba ya san kusan wayam zai dawo. Idan kuma ya hango gosulo a gaba yana iya sauke kowa a tsakiyar hanya, ya haɗa fasinjojin da wata motar, ya juya ya ɗebi sababbi. Ba mugunta ba ce zalla, a wurinsa gajerun sawu uku sun fi dogo ɗaya riba. Fasinjan da ya gane haka ba zai yi mamakin yadda motar kai tsaye daga Agege zuwa Tsibiri ke wuyar samu a ganiyar safiya ba, alhali motocin Oshodi na kiransa ta ko'ina. Ga kuma rigimar canji, wadda takan sa kwandasta ya haɗa baƙi biyu da takardar kuɗi ɗaya ya ce su je su raba. Manyan motocin molue da suka yi tashe a da an hana su shiga Tsibiri, yanzu sai jefi-jefi ake ganinsu.

BRT kuwa dabara ce da ta samo asali daga birnin Kuritiba na ƙasar Brazil a 1974: a ware wa manyan bas layinsu na kansu, a katange shi, su yi tafiya kamar jirgi ba tare da an kashe kuɗin shimfiɗa dogo ba. Hukumar sufuri ta LAMATA ta buɗe na Legas a watan Maris na 2008 zamanin Gwamna Babatunde Fashola, kilomita 22 daga Mile 12 zuwa CMS a cikin Tsibiri, aka ƙara shi zuwa Ikorodu a 2015. A 2020 aka buɗe layi na biyu daga Abule Egba zuwa Oshodi a kan titin Abekuta, kuma shi ne ya shafi mutumin Agege, don yana iya tare shi a Dopemu ko Mangoro. Alherin BRT a bayyane yake: kuɗinsa ƙayyadadde ne, ana biya da katin Cowry, kuma a inda aka katange layin mutum yana kallon motocin masu kuɗi a tsaye yana wuce su. Rauninsa biyu ne. Na farko, katangar ba ta kai ko'ina ba. A wasu wurare fenti ne kawai a ƙasa, a wasu kuma bas ɗin na shiga cikin sauran motoci, kuma abin takaici wuraren da ya fi buƙatar kariya, wato mashigar gadoji da cikin Tsibiri, nan ne kariyar ta fi rauni. Na biyu, layin mutane. Idan motocin ba su wadata ba, abin da aka tsira da shi a kan titi sai a biya shi a tsaye a tasha. Wanda ke hawa daga tashar farko yana da tabbacin kujera in ya jure layi. Wanda ke tsakiyar hanya yana iya ganin mota uku sun wuce shi a cike. Akwai masu dabarar komawa baya tasha ɗaya ko biyu don su hau daga tushe, kuma sau da yawa suna riga wanda ya tsaya a inda yake.

Jirgin ƙasa shi ne sabon shiga, ko da yake tsohon alkawari ne. Gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin cikin gari a 1983, gwamnatin soja ta soke shi a 1985, Legas ta yi kusan shekara arba'in tana biyan kuɗin wannan shawarar da lokacin mutanenta. Shuɗin Layi ya fara ɗaukar fasinja a watan Satumba na 2023, kilomita 13 daga Mile 2 zuwa Marina, da lantarki yake aiki, kuma yana da gadarsa ta kansa a kan ruwa. Wannan gadar ce muhimmin abu: ita ce mashiga ta huɗu zuwa Tsibiri, wadda tanka ba ta iya toshewa. Tafiyar da kan ci fiye da sa'a a mota ta koma wajen minti ashirin. Ga mazauna Mile 2, Festac, Orile da masu tahowa daga wajen Alaba, gardamar ta kusa ƙarewa.

Ga mutumin Agege ba ta ƙare ba. Jan Layi, wanda Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar a watan Fabrairu na 2024 ya kuma fara jigila a watan Oktoba na shekarar, ya tashi daga Agbado ya bi ta Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba ya tsaya a Oyingbo, kilomita 27. A kan takarda kamar don shi aka yi. Amma layin yana raba dogo da jiragen Legas zuwa Ibadan na hukumar jiragen ƙasa ta tarayya, kuma da 'yan sawu kaɗan ya fara, safe da yamma. Jirgin da ke zuwa duk bayan minti goma ba a duba masa agogo, ka je tasha kawai. Jirgin da ke zuwa sau ƙalilan kuwa shi ke tsara maka safiyarka, in ka rasa shi da minti biyu ka koma titi a mafi munin lokaci. Sannan Oyingbo ba Tsibiri ba ce. Sauran 'yan kilomita ne, amma su ne masu gadar, sai an sake hawa mota a bi ta Iddo a hau Carter, ko a zaga ta Eko. Duk da haka jirgin yana ɗauke wa mutum kaso mafi tsawo na tafiyar, ya tsallake masa Ikeja da Oshodi da Mushin a lokacin da ya san adadinsa. Ba ƙaramin abu ba ne.

Ruwa ma hanya ce, ga wanda ke kusa da shi. Mazaunin Ikorodu yana iya hawa jirgin ruwa daga Ebute ya sauka CMS ko Falomo cikin ƙasa da sa'a, alhali ta titi sai ya zagaye rabin tafkin. Akwai jiragen gwamnati na LAGFERRY, akwai ƙananan jirage masu gudu na 'yan kasuwa. Jirgin ruwa ya fi mota tsada, sai da rigar kariya, ba a tafiyar dare, kuma a ƙarshen damina ciyawar ruwa irin ta kainuwa takan toshe mashigar tasha ta kama farfelar inji. Mutumin Agege dai ba ruwansa da wannan, tafki ya yi masa nisa.

Acaɓa, wanda shi ne maganin makara a da, kuma sana'ar dubban 'yan Arewa, ya fita daga lissafin. An taƙaita shi a watan Fabrairu na 2020, aka haramta shi gaba ɗaya daga 1 ga Yuni 2022 a ƙananan hukumomi shida da suka haɗa da Ikeja, Surulere, Apapa da Tsibirin kansa, daga baya aka ƙara da Mushin, Oshodi-Isolo, Somolu da Kosofe. Dokar kuma ta shafi mai hawa kamar yadda ta shafi mai tuƙi. Abin da ya rage shi ne Keke Napep da ƙananan motocin korope a cikin unguwanni, su kai mutum bakin babban titi.

Yanzu ga lissafin da dattijon nan ya nufa. A ɗauka, a matsayin misali kawai, hanya ta farko tana cin minti saba'in a yawancin ranaku, amma sau ɗaya a mako takan kai sa'a biyu da rabi, ba kuma a san wace rana ba ce. Hanya ta biyu tana cin sa'a ɗaya da rabi kullum, da ɗan ƙari ko ragi na minti goma. Idan aka tambayi wacce ta fi sauri, ta farko ce, ko an haɗa makon duka an raba. Amma ma'aikacin da za a yanke wa albashi in ya wuce takwas, in zai bi ta farko dole ya fita biyar da rabi kowace rana, don bai san ranar da za ta juya masa baya ba. In ta biyu zai bi, shida da minti ashirin ta ishe shi. Hanyar da ta fi jinkiri ta ba shi ƙarin barcin kusan sa'a guda. Ga ɗan kasuwar da shagonsa nasa ne, wanda in ya makara ba mai tuhumarsa, lissafin ya juya, ta farko ce tasa. Unguwa ɗaya, wurin zuwa ɗaya, amsa biyu, kuma kowacce daidai ce. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, in ji Hausawa, amma wannan shawara ce ga wanda makara ke yi wa tsada.

Abu na biyu da ake rainawa shi ne sauyin mota. Masu nazarin sufuri sun daɗe da lura cewa minti ɗaya na jira a tasha yana yi wa fasinja nauyi kusan ninki biyu na minti ɗaya a cikin mota mai tafiya. Kowane sauyi kuma ƙofa ce ta rashin tabbas: sabon layi, sabon ciniki, sabuwar rigimar canji, ga tsallaka titi ko hawa gadar ƙafa da kaya a hannu. Tafiya mai hawa huɗu, ko da kowane hawa gajere ne, wurare huɗu ke gare ta da za ta iya lalacewa. Sai dai ba duk sauyi ne abin gudu ba. Oshodi, wadda aka gina mata babbar tasha mai sassa uku a 2019, wuri ne da hanyoyi suka haɗu: daga nan ana iya bin Gbagada a hau Third Mainland, ana iya miƙewa ta Mushin da Ojuelegba a nufi Eko, ga kuma tashar jirgi. Wanda ya sauka a nan yana da damar sake shawara bayan ya ji labarin abin da ke gaba. Wanda ke cikin motar kai tsaye ya riga ya miƙa wuya ga zaɓin direba.

Kuɗi kuwa ya daina zama ƙaramin sashe na maganar tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin mai. Kuɗin danfo ya yi tsalle, gwamnatin jiha ta rage rabin kuɗin motocinta da jiragenta na ɗan lokaci, daga baya rangwamen ya ragu. Ba zan kawo farashi a nan ba, don kafin a gama karanta shi ya canja. Abin da ba ya canjawa shi ne yadda ya kamata a ƙirga: kuɗin wata, zuwa da dawowa, har da keken farko da motar ƙarshe, har da ranakun ruwan sama da kwandasta ke ninka kuɗi. Mai ƙaramin albashi yakan tarar cewa hanyar da ta fi masa sauƙin jiki ta fi ƙarfin aljihunsa. Nan ne ake ganin mutane suna taka sashen farko da ƙafa, ko su jure dogon layin BRT saboda kuɗinsa ba ya motsi da yanayi. Mai katin Cowry kuma ya sa masa kuɗi tun da yamma, kada ya tara wa kansa layi biyu da safe.

Ranaku ma ba ɗaya suke ba. Litinin ta fi kowace safiya nauyi, saboda har da waɗanda suka yi ƙarshen mako a wajen gari suke dawowa. Alhamis da safe kasuwannin Legas a rufe suke har ƙarfe goma don tsaftace muhalli, wanda ke nufin 'yan kasuwar Idumota da Balogun ba sa cikin turmutsitsin farko, nasu ya biyo baya. Idan makarantu suka yi hutu titi yakan yi sauƙi har baƙo ya ɗauka haka garin yake, ranar da aka koma ya sha mamaki. Damina kuwa, musamman Yuni da Yuli, tana da dokarta: ruwan sa'a guda kafin asuba ya isa ya cika kwatoci, ya ɓoye ramuka, ya rage motoci a tasha. Wanda ya gwada hanya sau ɗaya a ranar Laraba ta rani cikin hutun makaranta bai gwada komai ba. Gwaji na gaskiya sai ya haɗa da Litinin, ya haɗa da ranar ruwa, a riƙa rubuta lokacin fita daga ƙofar gida da lokacin isa ƙofar aiki, ba lokacin da mota ta tashi ba. Ƙwaƙwalwa ba abin dogaro ba ce a nan, ranar da aka fi shan wuya da ranar da aka fi jin daɗi kawai take riƙewa.

Sammako kuma yana da nasa farashin. Fitar ƙarfe huɗu da rabi tana nufin tafiya a lungu cikin duhu da waya a aljihu. Tana kuma nufin lokacin da masu fashin da ake kira "wan cans" suka fi yawo, su zo da mota kamar ta haya, da 'yan'uwansu a zaune kamar fasinjoji, su ɗauki wanda ke sauri a bakin titi. Ƙa'idar da kowa ya sani ita ce a hau mota a cikin tasha, inda 'yan kamasho suka san direba, ko da za a ƙara minti goma. Ga mata lissafin ya fi haka sarƙaƙiya. Matsatsin ƙofar mota wuri ne da marasa kunya ke fakewa, kuma mace da yawa ba tafiya ɗaya take yi ba: sai ta ajiye yara a makaranta, wadda ba ta buɗewa ƙarfe biyar, sannan ta kama hanya. Shawarar "ki fita da wuri" ba ta da amfani ga wadda ƙofar makaranta ta ɗaure. Ita kam jirgi ko BRT, inda ake bin layi kuma lokaci ke da ɗan tabbas, sun fi mata daraja fiye da yadda suke ga saurayi mai iya tsalle ya kama danfo yana tafiya.

Waya tana taimakawa, da iyakarta. Google Maps ya fara nuna hanyoyin danfo a Legas tun 2019, kuma jan layin da yake zanawa a kan titi gaskiya yake faɗa game da cunkoson wannan lokacin. Abin da bai sani ba shi ne tsawon layin tasha, ko direba zai sauke mutane a rabin hanya, ko kwandasta ya ƙara kuɗi. Gidan rediyon zirga-zirga na jihar a mita 96.1, wanda ke aiki tun 2012, yana kawo rahoton jami'an hukumar kula da zirga-zirga ta LASTMA daga mahaɗu, kuma yakan riga taswira sanin dalilin tsayuwar, wanda shi ne ke nuna ko ta minti goma ce ko ta rabin yini. Sai kuma mai shayin bakin tasha, wanda tun ƙarfe huɗu yake jin abin da direbobin da suka dawo ke faɗa.

In aka matsa mini in zaɓa wa ma'aikacin Agege mai shiga aiki ƙarfe takwas, jirgi zan ce ya sa a gaba, muddin akwai sawun da ya dace da lokacinsa, ya bar wa sashen Oyingbo zuwa Marina rarar lokaci mai kauri, tunda nan ne kaɗai abin da bai sani ba ya rage. BRT zuwa Oshodi ya zama hanyarsa ta biyu, wadda ya riga ya bi ya san tashoshinta tun kafin ranar da zai buƙace ta. Danfo kuma ya riƙe shi don cike giɓi da ranar da komai ya rikice, da 'yan canjinsa a aljihu na daban.

Akwai kuma waɗanda suka duba duk wannan suka ce tambayar ce ba daidai ba. Su ne masu kwana a shago ko a ɗakin abokin aiki daga Litinin zuwa Juma'a, iyali na Agege ko Sango Ota, sai ƙarshen mako a gana. Wasu sun haɗa kuɗin mota na shekara sun tarar ya kusa biyan bambancin haya tsakanin Agege da Ebute Metta ko Obalende. Abin da ke hana su ƙaura shi ne kuɗin mota kullum ake biyansa kaɗan-kaɗan, mai gida kuwa na shekara guda yake so a dunƙule, ga na dillali, ga na yarjejeniya.

Gwamnati tana maganar ƙarasa Shuɗin Layi zuwa Okokomaiko, da tsallakar da Jan Layi zuwa Tsibiri, da Koren Layi daga Marina zuwa Lekki, da gadar motoci ta huɗu da aka daɗe ana ambata. Duk ana maraba da su. Amma abin da zai fi saurin canja safiyar mutumin Agege ya fi waɗannan araha, kuma ba ya buƙatar bikin yanke ƙyalle: a ƙara yawan sawun jirgin da ke akwai har mutum ya daina haddace jadawali, a sa bas na jiran kowane jirgi a Oyingbo, a kuma ba bas ɗin nan layinsa na kansa har ya sauka daga gadar Carter.